Ajin da Ba a Ba Buroshi Ba

Maigidana,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda za ta same ku lafiya, kai da Inna da 'Yar Lele. Yaya ƙafar Inna, kumburin ya sauka? Yaya ɗalibanka da lissafinsu? Ni lafiyata ƙalau, sai kewarku, sai kuma haushi, wanda ka san ba ya yi mini wuyar samu.

Ka ce a waya har yanzu ba ka gane abin da ya raba ni da gida ba, tunda haƙori ko'ina akwai shi. To bari in yi maka bayani a rubuce, inda ba za ka katse ni ba. Makarantar da aka turo ni tana da aji biyu na yara 'yan shekara shida zuwa bakwai, wato shekarun famfara, lokacin da haƙoran yarinta ke zubewa na girma ke fitowa. Mun yi ƙuri'a. Ajin da ke kusa da ƙofa ya samu buroshi da man goge baki, kullum da safe su goge a gaban malamarsu kafin a fara karatu. Ajin da ke kusa da famfo ba za a ba su komai ba sai ƙarshen shekara. Ba mu hana kowa gogewa a gida ba, yawancinsu dai ba sa yi. In shekara ta ƙare zan duba bakin kowa in gwada. Idan bambanci ya fito fili, gidauniyar da ta ɗauki nauyin binciken ta yi alkawarin raba buroshi da man goge baki a duk makarantun gundumar. Idan bai fito ba, za ta kai taimakonta wani wajen. Kai malamin lissafi ne, ka san ba a gane dogo sai an jera shi da gajere.

Kuma wallahi ana buƙata. Tsallaken titi akwai wata makarantar, hedimastansu wani dattijo ne mai keke. Ranar da na iso ya tsayar da ni a bakin ƙofa ya nuna mini wata yarinya da kumatu ya kumbura har idonta ya ƙanƙance, ya tambaye ni yaushe ne nasu rabon. Na ce masa ya yi haƙuri zuwa ƙarshen shekara. Tun daga ranar in ya hango ni sai ya ɗaga mini hannu ya yi alamar goge baki da yatsa.

Yanzu ga abin da ya ɓata mini rai. Kafin a fara komai sai na ga bakin yaran yadda yake a kullum. Muna da wani ruwa da muke shafa wa haƙori, duk inda datti ya maƙale sai wurin ya koma shuɗi. Na yi kuskure na gaya wa Shugabar makaranta ranar da zan yi wannan aikin. Mace ce mai kirki, irin kirkin nan da ba ya tsayawa ya ji abin da aka ce. Da na shigo sai na tarar an share fili, an yayyafa ruwa, yara sun jeru kamar za a tarbi mai duba makarantu. Ashe tun da sassafe ta sa malamai sun dirje bakin kowane yaro da ƙyalle da gishiri. Na buɗe baki na farko, fes. Na biyu, fes, har dasashi na jini. Ita kuwa tana tsaye a kaina tana murmushi, wai ba za ta bari baƙuwa ta ga ƙazantar yaranta ba. Na yi mata bayani har maƙogwarona ya bushe cewa ƙazantar nake nema, don ita na baro mijina da 'yata. Ta dube ni da tausayi. Sai da na bari aka manta, sannan na faɗo musu ba sanarwa na yi aikina.

Akwai wasu tagwaye mata, kamar an tsaga kara. Makaranta ta raba su aji daban-daban saboda malamai sun gaji da dukan wadda ba ta yi laifi ba. Ta farin tana ajin ƙofa, ta biyun tana ajin famfo. Farfesa da ke kula da aikina ya ji daɗin wannan ƙwarai, ya ce gida ɗaya, abinci ɗaya, bambancin kawai buroshi. Uwarsu tela ce, shagonta na kan hanyar masaukina. Ita ban ga alamar ta ji daɗi ba.

Ka ce haƙorin 'Yar Lele na gaba ya fara girgiza. Don Allah ka roƙi Inna kada ta ɗaura masa zare, kuma kai ma ka cire hannunka, na san ka da gaggawa. Zai faɗi da kansa. Ka riƙa leƙa can ƙuryar bakinta, akwai turmin da ke fitowa ba tare da wani ya faɗi ba. Mutane na ɗauka na yarinta ne su bar shi ya ruɓe, alhali shi ne na har abada.

Ka gaida Inna da kyau, ka sumbaci 'Yar Lele a goshi.

Matarka,
Sarauniyar Mita, kamar yadda kake faɗa

*

Maigidana,

Sallama da gaisuwa. Da fatan kuna lafiya, kuma ruwan da ka ce ya yi muku ɓarna a ɗakin girki an gyara rufin. Hoton ya iso. Na daɗe ina kallon giɓin nan nata. Bakin yaran mutane nake leƙawa tun safe har azahar, amma haƙorin 'yata na farko ya faɗi ina nesa. Na yi kuka, kuma ban yarda ka gaya wa Inna ba.

Ana wata ga wata. Buroshin da ya kamata ya yi wata uku sai na ga tun bai yi rabin haka ba gashinsa ya baje kamar tsohuwar tsintsiya. Man goge baki kuma yana ƙarewa kamar ana shan sa. Na ɗora laifin a kan wanda ya sayo kayan, har na rubuta wa Farfesa ƙorafi mai zafi cewa an kawo mana na banza. Yanzu kunyar wannan ƙorafin nake ji.

Shekaranjiya lokacin hutun tara na manta madubina na duba baki a ajin ƙofa, na koma ɗauka. Sai na ga ta farin tagwayen ta taka benci tana miƙa buroshinta ta taga. 'Yar'uwarta na waje ta karɓa. Na leƙa. Maigida, layi ne a bakin famfo. Duk wanda yake da aboki ko ƙani ko maƙwabci a ajin famfo ya miƙa masa nasa, kuma wanda ya gama sai ya ba na bayansa. Buroshi ɗaya na shiga baki huɗu, biyar, ko ɗauraya babu. Ban san lokacin da na daka musu tsawa ba. Suka watse, wani ya jefar da buroshi a kwata, ta biyun ta tsaya da kumfa a baki tana kuka.

Na ƙona tsofaffin, na fito da sababbi, na sa a kabad na kulle, makullin yana wuyana. Da safe ni nake raba su, ni nake karɓa. Yanzu yara sun sa mini suna Likita Marowaciya. Suna faɗa ƙasa-ƙasa in na wuce, sun ɗauka ba na ji.

Jiya Tela, uwar tagwayen, ta zo ɗan ɗakin da aka ba ni a bayan ofis. Ta gaishe ni a taƙaice ta zauna. Ta ce ita ciki ɗaya ta ɗauka, rana ɗaya ta haifa, ko riga za ta ɗinka musu daga yadi ɗaya take yankawa, to tana son ta ji laifin da ta biyun ta yi. Ta ce yarinyar ta daina cin abinci da 'yar'uwarta, saboda yaran ajin ƙofa suna toshe hanci in 'yan ajin famfo sun zo wucewa. Wannan ban sani ba, kuma ya sosa mini rai. Na zaunar da hankalina na yi mata bayanin gwaji tun daga tushe, da yaran tsallaken titi, da sauran makarantu. Na kuma gaya mata gaskiyar da aikina ya wajabta mini, cewa na ga ɗan tabo ya fara a turmin ta biyun, kuma in ana gogewa da kyau zai iya tsayawa a nan. Ta saurare ni har ƙarshe ba ta katse ni ba, ta ce ta gane, ta tashi.

Wannan ta gane ɗin ne ya hana ni sukuni. Kai ma haka kake ce mini in ka riga ka yanke abin da za ka yi.

Ka ajiye mini haƙorin a cikin kwalbar nan ta kan madubi. Ina gaida Inna.

Taka har kullum,
Marowaciya, sabon sunan da na samu

*

Maigida,

Ina gaisuwa, ina kuma fatan kowa lafiya. Gaisuwar yau gajera ce, domin har yanzu ban huce da dariyar da ka yi mini a waya ba. Ina gaya maka aikin shekara guda na neman rushewa, kai kana ƙyaƙyatawa har kana kiran Inna ta zo ta ji. Tunda layin ya yanke kafin in gama, ga sauran, ka yi dariyar mai dalili.

Tela ba ta tsaya a kan 'yarta ba. Da ta saya wa ta biyun buroshi a gida ta yi shiru, da babu komai, yarinya ɗaya ba ta ɓata lissafi. A'a. Gida-gida ta bi iyayen ajin famfo tana tambayarsu ko sun yarda a riƙa kiran 'ya'yansu ajin ƙazamai. Mutanen da na yi ta roƙo su zo taron wayar da kai suka ƙi, su ne suka fito ƙwansu da ƙwarƙwata. Kowa ya saya wa ɗansa buroshi, mai shagon magani ya ba da man goge baki kyauta saboda jikansa na ajin. Tela ta ɗinka wani dogon ƙyalle mai aljihu-aljihu, kowane aljihu da sunan yaro a ɗinke, aka rataye a bango. Abin haushi, ya fi kabad ɗina tsafta da kyau, don iska na shiga buroshin ya bushe.

Malamar ajin famfo kuma dama akwai 'yar tsama tsakaninta da ta ajin ƙofa tun kan maganar wa za a ba ɗakin da ba ya yoyo. Sai ta mayar da abin gasa. Nawa suna gogewa sau ɗaya, nata sau biyu, da safe da bayan tara. Har waƙa ta haɗa musu don kada su gama da wuri. Duk wannan an yi shi a makon da na je kai wa Farfesa rahoto. Da na dawo Shugaba ta riƙo hannuna, ta ce in rufe ido tana da albishir. Ta kai ni bakin famfo na buɗe ido. Ta ce yanzu aikina ya ninka albarka, tunda na zo don aji ɗaya ga shi na samu biyu. Haƙorin dariya shi ke cizo, Maigida. Matar nan da zuciya ɗaya ta kashe ni.

Farfesa ya ce magana ɗaya ce. A gida kowa ya yi abin da ya ga dama, amma gogewar cikin makaranta a ajin famfo dole a dakatar da ita zuwa ƙarshen shekara, in ba haka ba babu abin gwadawa. Shi yana ofis mai sanyi, bai taɓa ganin Tela ba.

Na roƙi a kira taron iyaye. Aka cika ajin ƙofa, manya a kan bencin yara gwiwoyinsu na taɓa ƙirji. Na zana layi biyu a allo, na nuna musu cewa in layukan suka zo daidai, masu gidauniya za su ce buroshinsu bai ƙara komai ba. Na ambaci yarinyar tsallaken titi mai kumburin kumatu, wasu ma sun san ta. Suna gyaɗa kai, har na fara sa rai. Sai wani tsoho, kakan wani yaro, wanda haƙori biyu suka rage masa a baki, ya ɗaga sandarsa. Cikin ladabi ya ce shi bai yi boko ba, yana son ya tabbatar ya ji daidai. Wai likitar haƙori ce ke roƙon a bar haƙoran jikansa su ɗan ruɓe, don a nuna wa wasu mutane cewa ruɓewa ba kyau?

Babu wanda ya yi dariya, da ma sun yi da na ji sauƙi. Na buɗe baki in ce ba haka nake nufi ba, sai na hango ta biyun tana leƙe ta taga, na tuna tabon da ke turminta. Haka nake nufi mana. Na ajiye alli na ce a ci gaba da gogewa, sai dai kada kowa ya ari na wani. Suka yi mini tafi. Ban taɓa jin tafin da ya ƙona mini rai irin wannan ba.

Da na fito, hedimastan tsallaken titi na kan kekensa, ya yi mini alamar nan da yatsa. Na yi kamar ina neman abu a jaka.

Na san tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, don haka na yafe maka dariyar, amma kada ka ƙara. Ka ce wa 'Yar Lele ta daina tura harshe a giɓin.

Matarka mai fushi,
Sarauniyar Mita

*

Maigidana abin ƙaunata,

Gaisuwa da fatan alheri gare ka da Inna da 'Yar Lele. Na gode da takardarka, ta zo a lokacin da nake buƙatarta, kuma na lura babu zolaya ko ɗaya a ciki. Allah ya bar mu tare.

An gama. Na duba bakin kowa, na shafa ruwan nan, na jira shuɗi ya fito. Ɗan kaɗan ne a ajin ƙofa, ɗan kaɗan a ajin famfo. Sabon kogon haƙori da ƙyar na samu a duka azuzuwan. Tabon ta biyun ya tsaya inda yake, ya yi tauri, ba sai an taɓa shi ba. Tunda na fara aikin nan ban taɓa ganin bakin yara masu kyau haka a wuri ɗaya ba. Da aka haɗa alƙaluma, ajin famfo ma ya ɗan fi nawa.

Na zauna na rubuta bayani mai tsawo. Na kawo yadda bakin yaran yake a farkon shekara da yadda ya koma, na ba da labarin taga da Tela da ƙyalle mai aljihu. Na ce abin da ya faru shi ne babbar shaida cewa gogewar tana aiki. Farfesa ya sa hannu, ko da yake ya gaya mini tun kafin a aika cewa ba tambayar da aka yi mana ke nan ba. Gaskiyarsa. Amsar gidauniya ta zo, gajera kuma cike da ladabi. Sun gode da ƙoƙarina. Sun lura babu bambanci tsakanin yaran da aka ba kaya da waɗanda ba a ba ba. Sun kuma lura, daga bayanina, cewa iyaye na iya sayen buroshi da kansu. Don haka ba za su raba ba. Ka ga da hannuna na miƙa musu sanda ta biyu. Ba su san cewa sai da aka toshe wa yaran mutane hanci kafin iyayen su motsa ba, kuma ba kowace unguwa ke da Tela ba.

Makaranta ta yi mini taron ban kwana. Shugaba ta yi jawabi ta ce ni ce na kawo haske, ta ce da ma ita tun ranar farko ta fahimci manufata. Tela ta ɗinka mini jakar saka kayan aiki, da aljihun madubi da na safar hannu. Na karɓa na gode, kuma har ga Allah na ji daɗi, kuma har ga Allah ina son in shaƙe ta.

Kwalin buroshin da aka ajiye wa ajin famfo zuwa ƙarshen shekara yana nan ba a buɗe ba, tunda suna da nasu. Na nemi izini, na ɗora shi a ka na tsallaka titi. Hedimasta ya taso da murna ya karɓa, ya leƙa bayana yana neman motar da ta kawo sauran. Sai da na gaya masa wannan ke nan. Kwalin aji ɗaya zai isa, shi kuma yana da makaranta guda. Ya dubi kwalin, sannan ya tambaye ni wane aji zai ba, wane zai hana. Na ce masa ni dai kada ya tambaye ni, na gwada wannan. Yarinyar nan na gan ta, kumburin ya sauka, an cire haƙorin. Turmin har abada ne.

Da zan fita tagwayen suka biyo ni har bakin ƙofa. Da can in na rikice sai in ce su buɗe baki, nan take in gane wacce ce tawa. Suka tsaya gabana cikin riga iri ɗaya suka washe mini baki, suka ce in faɗi wacce ce 'yar ajin famfo. Na duba, na sake dubawa, har na sunkuya. Ban gane ba. Suka ruga da gudu suna dariya wai sun ci Likita.

Ina tafe ranar Asabar in Allah ya yarda, motar safe. Kada Inna ta wahalar da kanta da girki. Ka ce sabon haƙorin 'Yar Lele ya cike giɓin har ya fara tsawo, to ka gaya mata kada ta ji kunyar rasa giɓin da za ta nuna mini, ni ma ba zan dawo da abin nunawa ba. Ta dai tanadi bakinta, shi zan fara dubawa kafin in ajiye jaka.

Sai na zo.

Matarka da ta gaji,
Maman 'Yar Lele